Jagora: Yadda Ake Auna Sakin Zuciya da Cikarta da Hoton Nukiliya

Akwai marar lafiyar da zai zo da haki da kumburin ƙafa, ba ya iya barci sai ya tara matasan kai, amma idan aka auna matsewar zuciyarsa sai a tarar tana fitar da kashi 60 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, lafiya lau. Irin wannan zuciya wajen karɓar jini matsalarta take. Ɗakin ƙasa na hagu ya yi tauri, ko yana nawar saki, sai jini ya riƙa taruwa a baya har ya cunkushe huhu. Hawan jini da ya daɗe, wanda shi ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a Afirka ta Yamma, da ciwon suga, da tsufa, da toshewar jijiyoyin zuciya, duk suna haddasa haka.

Eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, shi ne awon farko, kuma haka ya kamata. Ana komawa ga hoton nukiliya ne idan ƙiba ko cutar huhu ta hana eko gani, ko ana bin diddigin mai karɓar maganin daji irin doxorubicin, ko kuma an riga an kwantar da mutum don hoton jinin tsokar zuciya, a ce a ci gajiyar bayanan da suka shigo hannu. Wuraren da ake wannan aiki ba su da yawa: a Najeriya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar akwai cibiyar da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Sinadarin da ake amfani da shi, teknishiyam-99m, daga janareton molibdinam da ake shigowa da shi daga waje ake tatsarsa, kuma ƙarfin janareton na raguwa da rabi duk awa 66. Mutumin da ya yi tafiyar yini guda ya zo, ba a cewa ya dawo gobe. Dole a yi aikin daidai tun karon farko.

Abin da ake so a gani

Cikar ɗakin ƙasa na hagu hawa huɗu ce. Da farko tsoka na saki alhali ƙofofi duka a rufe suke, jini bai ƙaru ba. Sai ƙofar mitiral, wadda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu, ta buɗe, jini ya kwararo da sauri. A lafiyayyen matashi wajen kashi 70 zuwa 80 na cikar a nan take shiga. Sai ɗan tsaiko. A ƙarshe ɗakin sama na hagu ya matse ya ƙaro saura, kamar kashi 15 zuwa 25.

Kyamarar gama, wato na'urar ɗaukar hoton nukiliya, tana ƙidaya hasken da sinadarin ke fitarwa daga cikin jini. Tunda sinadarin ya gauraya da jini daidai wa daida, yawan ƙidaya na tafiya da yawan jinin da ke ɗakin. Idan aka jera ƙidayar bisa lokaci sai a sami layi mai gangarawa lokacin matsewa, ya taɓa ƙasa, ya hau da sauri, ya miƙe, ya sake ɗan hawa. Duk alƙaluman da takardar sakamako ke bugawa daga wannan layi suke fitowa. Biyu ne manya: ƙololuwar saurin cika, wadda ake rubutawa PFR, da lokacin da aka ɗauka kafin a kai ƙololuwar, wanda ake rubutawa TPFR ko TTPF. In layin ya lalace, alƙaluman ba su da wani amfani, ko da kwamfuta ta buga su da kyau.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a yi wa jajayen ƙwayoyin jini alama a ɗauki hoton jinin da ke cikin zuciya, abin da ake kira MUGA ko ERNA. Da ita za mu fara.

Mataki na farko: tambaya da shiri

A tambayi mace ko tana da juna biyu. In akwai shakka a yi gwaji. Mai shayarwa, idan a cikin jiki za a yi wa jinin alama, ta tatse nono ta ajiye tun da wuri, ta dakatar da shayarwa na awa 12. A rubuta duk magungunan da mutum ke sha, saboda dalili biyu. Wasu suna canza cikar kanta, irin su atenolol da verapamil. Wasu kuma suna hana sinadarin kama jini: heparin, methyldopa, hydralazine, digoxin, prazosin, penicillin, da doxorubicin ɗin kansa. Ƙarin jini na kwanan nan, da ruwan aidin na hoton CT, da ciwon sikila su ma suna rage kamawar.

Hoton hutu ba ya buƙatar azumi. Amma gara a bar kofi, shayi mai kauri da goro na 'yan awoyi, domin duk abin da ya ɗaga bugun zuciya yana taɓa sakamako. A auna bugun da hannu kafin a buɗe kwalbar komai. In ya haura 100 a minti, ko yana tsalle-tsalle ba tsari, a sanar da likitan da ya turo cewa za a iya ba shi adadin matsewa, amma na cika ba zai zama abin dogaro ba.

Mataki na biyu: yi wa jini alama

Teknishiyam ba ya maƙalewa a ƙwayar jini sai an riga an shigar mata da sinadarin kuza. Kuzar ce ke canza shi bayan ya shiga ƙwayar, ya kama himogilobin, ya kasa fita. Hanya uku ce.

Mafi sauƙi: a yi allurar kuza ta jijiya, mikirogiram 10 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, a jira kamar minti 20, sannan a yi allurar teknishiyam, MBq (ma'aunin ƙarfin sinadarin nukiliya) 740 zuwa 925 ga babba. Wannan ce mafi ƙarancin kamawa, sau da yawa tsakanin kashi 60 da 80. Ta biyu: bayan kuzar da minti 20, a zuƙo jini mililita 3 zuwa 5 cikin sirinji mai rigar dalma wanda ke ɗauke da teknishiyam da ɗan maganin hana daskarewa, a riƙa juya shi a hankali na minti 10, a mayar. Wannan na kaiwa wajen kashi 90. Ta uku a kwalba ake yin komai, da kayan haɗi irin UltraTag, kuma tana wuce kashi 95.

Don awon cika, a zaɓi ta biyu ko ta uku. Za a raba bugu ɗaya gida talatin da wani abu, kowane gida na buƙatar ƙidayarsa, don haka duk hasken da ya zube a wajen jini asara ce. Amma duk inda jini ya fita daga jiki zai koma, akwai hatsarin a mayar wa wani jinin wani. Mutum ɗaya ake yi wa a lokaci guda, da sunansa a jikin sirinji, ma'aikata biyu su tabbatar kafin a mayar. Wannan ba wurin gaggawa ba ne.

Kurakuran da suka fi yawa a nan ƙanana ne. Iska ta shiga kwalbar kuza ta kashe ta. An bi ta robar ƙarin ruwa mai suga, ko kanular da aka wanke da heparin. An ƙosa ba a cika minti 20 ba. Alamar duka ɗaya ce: maƙogwaro da tumbi suna haske, zuciya ta dusashe, kewayenta ya yi hazo. A huda jijiya kai tsaye ya fi.

Hasken da jiki ke sha a wannan awo kamar mSv (ma'aunin hasken nukiliya da jiki ya sha) 5 zuwa 7 ne, kuma ƙarfin sinadarin na raguwa da rabi duk awa 6.

Mataki na uku: wayoyin ECG

Kyamara da tsinin R, wato tsini mafi tsawo a zanen lantarkin zuciya (ECG), take gane farkon kowane bugu. A goge fata, a aske gashin ƙirji in ya yi yawa, a manna wayoyi uku nesa da inda kyamara ke kallo. Sai a tsaya a kalli allo na minti guda, a tabbatar alamar na faɗawa kan R kaɗai. In tsinin T, wanda ke biyo bayan R, ya yi tsawo, na'ura za ta ƙirga bugu ɗaya a matsayin biyu. Haka ma tartsatsin batirin da ake dasa wa mutum don daidaita bugun zuciya. Maganinsa a sauya wurin waya har R ya fi kowa tsawo. Mutum ya kwanta rigingine minti 5 zuwa 10 bugunsa ya natsu, kuma kada a riƙa jansa da hira ana ɗauka, kada kuma a bar shi ya yi barci, domin duka biyun suna sauya tazarar bugu.

Mataki na huɗu: saita kyamara

A sa tagar kuzari, wato iyakar ƙarfin hasken da kyamara za ta karɓa, a kan keV 140, faɗinta kashi 15 zuwa 20. Kolimeta, wato rariyar dalmar da ke gaban kyamara, a sa ta ƙaramin kuzari, ko ta aikin yau da kullum ko mai fitar da hoto dalla-dalla. Allon hoto 64 sau 64, a zuƙo har kowane fiksel ya zama ƙasa da milimita 4.

Kyamara na tsayawa ta gaba-hagu, a fara da digiri 45, amma adadin ba doka ba ne. A juya ta tsakanin 30 da 60 har a ga katangar da ta raba ɗakunan ƙasa biyu ta fito fili, baƙa, a tsaye. Sannan a karkatar da kan kyamara digiri 10 zuwa 15 ta wajen ƙafa. Wannan karkatarwa mutane ke rainawa, alhali ita ce ke raba ɗakin sama da na ƙasa. Ɗakin sama yana juye jininsa ne daidai lokacin da na ƙasa ke cika. In suka hau kan juna a hoto, raguwar ɗaya za ta cinye ƙaruwar ɗayan, layi ya kwanta, a ce wa lafiyayye zuciyarsa na nawar cika. A rubuta kusurwoyin biyu a takarda, domin awon gaba da su za a maimaita.

Mataki na biyar: gaɓa nawa za a raba bugu

Nan ne awon cika ya rabu da awon matsewa. Ɗauki mai bugu 60 a minti: kowane bugu milisakan 1,000 ne. In aka raba shi gaɓa 8, kowace gaɓa milisakan 125. In 16 ne, kusan 63. In 32 ne, kusan 31. To, iyakar lafiya ta TPFR milisakan 180 ce. Da gaɓa 8 ke nan duk abin da ake nema bai kai gaɓa ɗaya da rabi ba. Kamar auna zobe ne da igiyar awon gona. Gaɓa 16 sun isa a san adadin matsewa. Don cika kuwa, 24 ne mafi ƙaranci, 32 ya fi.

Kowace gaɓa na son ƙidaya wajen 200,000 zuwa 250,000, wanda ke ɗaukar kamar minti 10 zuwa 15. Kada a yanke lokaci don layi ya yi tsawo a waje. PFR daga bambancin gaɓa da gaɓa ake ciro shi, kuma irin wannan lissafi yana kumbura duk wani ƙaramin hargitsi da ke cikin ƙidaya.

Sai tagar karɓar bugu. A bar na'ura ta koyi matsakaicin tazara, a ce ta karɓi abin da ke cikin kashi 10 sama ko ƙasa, ta yar da saura. Bugun da ya yi riga-malam a yar da shi tare da wanda ya biyo bayansa, domin na bayan ya sami dogon lokacin cika, ba irin sauran ba ne. Dalilin wannan tsanani shi ne, idan bugu ya gajarta, lokacin cika ne ke gajarta; matsewa kusan ba ta motsi. Gajerun bugu ba sa kaiwa gaɓoɓin ƙarshe, sai wutsiyar layi ta faɗi ƙasa maimakon ta koma inda ta faro. Wannan faɗuwa tana shafe hawan ɗakin sama gaba ɗaya.

In na'urar na da tsarin adana kowace ƙidaya da lokacinta, a yi amfani da shi. Daga baya sai a zaɓi bugun da ake so, a jera kashi biyu cikin uku na farkon layi daga R zuwa gaba, kashi ɗayan ƙarshe kuma daga R na gaba zuwa baya. Da haka matsewar ɗakin sama ke fitowa sarai.

Mataki na shida: shata iyaka da cire hasken kewaye

Kafin a taɓa lissafi, a kunna hoton yana motsi a kalla. Mutum ya motsa? Gaɓoɓin ƙarshe na ƙyaftawa? A duba zanen tazarar bugu: tsini ɗaya siriri ake so, ba tudu biyu ba.

A shata iyakar ɗakin ƙasa na hagu a kowace gaɓa, ko a bar manhaja ta shata a bi ta ɗaya bayan ɗaya, musamman wajen ƙofar mitiral inda ta fi kuskure. Sai a zana ɗan lanƙwasasshen yanki a gefen ƙasa-hagu na zuciya, a gaɓar ƙarshen matsewa, don auna hasken kewaye. Kada ya taɓa saifa ko babbar jijiyar da ke gangarawa ciki, su biyun cike suke da jini mai alama.

Ga yadda wannan ke ɓata sakamako. A ce ƙidayar ɗakin a cike 30,000 ce, hasken kewaye na gaskiya 10,000, saura 20,000. A inda layi ya fi tsayuwa, ƙidaya ta ƙaru da 1,320 cikin gaɓa mai milisakan 30, wato 44,000 a sakan. Raba 44,000 da 20,000, PFR ya zama 2.2, ƙasa da lafiya. Yanzu a ce yankin ya hau saifa, aka cire 14,000. Saura 16,000, PFR ya koma 2.75. Marar lafiya ya zama lafiyayye a takarda, ba tare da komai ya canza a ƙirjinsa ba.

Mataki na bakwai: gyara layi da ciro alƙaluma

Ɗanyen layi yana da ƙananan tsalle-tsalle, don haka ana daidaita shi da lissafin Furiye, wanda ke sake gina layin daga haɗin wasu sassauƙan igiyoyi da ake kira hamonik. Yawan hamonik da aka zaɓa yana da tasiri sosai. Da ɗaya ko biyu, layin zai yi sumul fiye da kima, cika ta zama kamar madubin matsewa, PFR ya faɗi. In sun yi yawa, layin zai bi hargitsi ya ƙirƙiro ƙololuwar ƙarya. Uku zuwa biyar ake amfani da su. A ɗora gyararren layin a kan ɗanyen a gani da ido ko sun bi juna, kuma sashe ya tsaya a kan adadi ɗaya ga kowa.

PFR shi ne wurin da hawan ya fi tsayuwa a farkon cika, a raba da ƙidayar ɗakin a cike. Shi ya sa ma'auninsa EDV a sakan, EDV kuwa shi ne yawan jinin ɗakin a cike. TPFR daga ƙasan layi ake ƙirga shi zuwa wannan wuri. A tabbatar manhaja ta ɗora alamar a kan hawan farko. A tsoho mai taurin zuciya hawan ɗakin sama kan fi na farko tsayuwa, manhaja ta kama shi, ta ba da PFR mai kyau da TPFR na milisakan 400 ko fiye. Duk TPFR da ya yi irin wannan tsawo, a koma a duba inda alamar ta sauka.

Karanta sakamako

A MUGA, abin da aka saba ɗauka lafiya shi ne PFR sama da 2.5 da TPFR ƙasa da milisakan 180. Waɗannan iyakoki sun samo tushe daga aikin Robert Bonow da abokansa a Amurka a farkon shekarun 1980, inda suka nuna cewa masu toshewar jijiyoyin zuciya da yawa cikarsu ta lalace alhali matsewarsu lafiya. Amma adadin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. PFR na raguwa da shekaru, don haka 2.2 a ɗan shekara 75 ba daidai yake da 2.2 a ɗan 30 ba. Yana hawa idan bugu ya yi sauri. Mai zazzaɓi ko ƙarancin jini, tsaikonsa na ɓacewa, hawa biyun su haɗe su zama ɗaya mai tsayi. Yana kuma bin matsewa: zuciyar da ta buɗe ta yi rauni, irin ta matan da ke samun ciwon zuciya bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a Kano, Zariya da Sakkwato, PFR ɗinta zai yi ƙasa ko yaya, tunda da babban adadi ake rabawa. A irin wannan hali ya fi ma'ana a raba da jinin da ake fitarwa a bugu ɗaya.

Surar layin ta fi adadi magana. Nawar saki na nuna hawan farko a kwance, TPFR mai tsawo, da babban hawa a ƙarshe. Zuciyar da ta ƙage kuwa hawa take yi da sauri ta tsaya cak, layi ya miƙe har ƙarshe. Irin wannan sura ake gani idan jakar da ta lulluɓe zuciya ta yi kauri ta shaƙe ta, abin da tarin fuka ke yawan jawowa a Afirka. Ƙofar mitiral da ta tsuke tana ba da hawa a hankali ba tsaiko. Wadda ke yoyo tana ɗaga PFR. Duka biyun ba sa barin a yi maganar tsoka.

Babban abin lura shi ne kyamara yawan jini take gani, ba ta ganin matsin da ke tura shi. Idan cuta ta yi nisa, matsi a ɗakin sama na hawa, ya riƙa cusa jini da ƙarfi, PFR ya dawo kamar lafiya. Mai haki da kumburi da tsohon hawan jini, PFR na 2.8 bai wanke shi ba. A tura shi eko a duba girman ɗakin sama da saurin motsin tsoka. Idan kuma dattijo ne mai kaurin bangon zuciya da hawan jininsa bai kai ya bayyana kaurin ba, a tuna da cutar amiloyid, wadda wani furotin ke taruwa a bangon zuciya ya sa shi tauri. Hoton PYP, shi ma da teknishiyam, yana gano nau'inta na ATTR bayan an kore nau'in AL da gwajin jini da fitsari, kuma ɗaya daga cikin sauyin gadon da ke jawo ta asalinsa Afirka ta Yamma ne.

Idan SPECT aka yi

A SPECT, wato hoton jinin tsoka da kyamara ke ɗauka tana zagaya ƙirji, da sinadarin sestamibi ko tetrofosmin, manhajoji irin QGS, 4DM da ECTb suna buga PFR ba tare da an tambaye su ba. A nan bango ake gani, manhaja ce ke ƙiyasta ramin ciki. In gaɓa 8 aka ɗauka, kada a sa alƙaluman cika a rahoto. Sai da 16, kuma tunda kowace gaɓa ta rasa rabin ƙidayarta, a ƙara lokacin ɗauka. Iyakokinsa ma daban ne: wani bincike na 2005 da aka yi da QGS da gaɓa 16 ya sa ƙasan PFR wajen 1.7, saman TTPF wajen milisakan 217. Wanda ya ɗora 2.5 na MUGA a kan SPECT zai mayar da lafiyayyu da yawa marasa lafiya. Ƙaramar zuciya, da babban yankin da jini bai shiga ba, da hasken hanta ko hanji kusa da bangon ƙasa, duk suna ruɗa shatar iyaka. In za a yi gwajin wahalar da zuciya da maganin adenosine ko dipyridamole, a hana goro, shayi da kofi na awa 12 zuwa 24, kuma a ambaci goro da sunansa, don mai cinsa ba ya lissafa shi cikin abin da aka hana. A rubuta na hutu daban, na bayan wahalarwa daban.

A rahoto a sa hanyar da aka bi, yawan gaɓa, bugun zuciya lokacin ɗauka, kason bugun da aka yar, adadin matsewa, PFR, TPFR, surar layi da iyakar lafiyar da sashen ke bi. Ga mai karɓar doxorubicin, awon gaba a yi shi da kyamara ɗaya, kusurwa ɗaya, manhaja ɗaya, kuma a kwatanta PFR ne kawai idan bugun zuciyar na ranakun biyu ya yi kusa da juna.